Ziyara Zuwa Olney, Garin Da Kyaftin Na Jirgin Bayi Ya Zama Mai Waƙar Yabo

A wannan karo filinmu na tafiye-tafiye zai kai ku Ingila ne, wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Olney, domin mu bi sawun wata waƙa wadda kunnen kowannenmu ya sani.

Duk wanda ya tashi a zango a ƙasar nan, ko a Nima ne ko Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo a Kumasi, ya sha jin waƙar Kirista da ake kira "Amazing Grace", ko da kuwa bai taɓa sa ƙafa a coci ba. 'Yan badujala suna busa ta wajen jana'izar maƙwabta, gidajen rediyo suna sa ta ran Lahadi da safe, waɗanda suka yi makarantar mishan kuwa sun rera ta a filin taro kafin a shiga aji. Ma'anar sunanta da Hausa ita ce alheri mai ban mamaki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, har cikin masu rera ta, shi ne faston da ya rubuta ta, John Newton, ya taɓa zama kyaftin na jirgin bayi, kuma a gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma ya riƙa cika jirginsa da 'yan Adam. A Olney ya rubuta waƙar, a can kuma kabarinsa yake.

HANYAR OLNEY

Olney tana cikin lardin Buckinghamshire, kimanin mil 60 daga Landan ta wajen arewa maso yamma. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can, domin tun 1962 aka rufe tasharta. Saboda haka daga tashar Euston ta Landan muka shiga jirgi zuwa Milton Keynes, daga nan muka hau bas, ta yi ta ratsa gonaki da makiyayar tumaki da mu. Tun kafin a iso gari, abin da ido zai fara hangowa shi ne hasumiyar majami'ar Bitrus da Bulus, wadda aka gina tun ƙarni na 14. Tsayinta ƙafa 185, ta yi tsini kamar mashi a bakin kogin Ouse. Da an haye gada sai a faɗa babban titi guda mai faɗi, gidajen dutse da na jan bulo sun jeru dama da hagu. Mutanen garin ba su kai dubu 10 ba, kuma da yawa cikinsu ba Olney suke cewa ba, Oni suke cewa.

A yau gari ne na masu rufin asiri, ga shagunan shan shayi, ga kantunan kayan da, kasuwa kuma tana ci duk ran Alhamis. An san shi da wani tseren mata da ake yi ran Talatar da ke gabanin azumin Kirista, inda kowace mace take gudu riƙe da kasko da wainar fulawa a ciki, daga dandalin kasuwa har majami'a. Mutanen wurin sun ce al'adar ta faro tun 1445.

A zamanin Newton kuwa Olney garin talakawa ne ƙwarai. Sana'ar mata ita ce saƙar leshi da hannu, ana fara koya wa yarinya tun tana 'yar shekara 5 ko 6. A gidan tarihi na garin mun ga kayan aikinsu: matashin da ake kafa zare a kai, da 'yan sandunan da ake naɗe zaren, da wata 'yar kujera mai kyandir ɗaya a tsakiya wadda aka kewaye da kwalaben ruwa. Kwalaben su ne suke tattara hasken kyandir su jefa shi kan aikin kowace mace, don haka mata da yawa sai su yi aikin dare da kyandir guda. Ba a hura wuta a ɗakin ko da sanyi ya kai ina, don kada hayaƙi ya ɓata leshi, sai dai kowa ta sa 'yar tukunyar garwashi ƙarƙashin zaninta. Suna kuma da waƙoƙin ƙidaya da suke rerawa domin hannu ya yi sauri. Mai karatu ya riƙe waɗannan mata a zuciyarsa, domin su da mazajensu 'yan ƙodago su ne aka rubuta wa waƙoƙin da za mu yi magana a kai.

WANE NE JOHN NEWTON?

An haife shi a Landan a 1725. Mahaifiyarsa mace ce mai riƙon addini, ita ta koya masa karatu, amma ta rasu bai cika shekara 7 ba. Mahaifinsa kyaftin ne na jirgin fatake, ya fara fita teku da shi yana ɗan shekara 11. A 1744 aka kama shi da ƙarfi aka sa shi aikin sojan ruwa. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala gaban jama'ar jirgi. A 1745 kyaftin ya gaji da halinsa, ya sallama shi ga wani jirgin bayi mai zuwa Afirka. Can ma bai zauna lafiya da kowa ba. A can ya riƙa yin waƙoƙin zambo: yakan tsara wa kyaftin habaici, ya koya wa matuƙa su yi ta rerawa.

Daga nan ya sauka a gaɓar Saliyo, ya kama aiki wajen wani Bature dillalin bayi a tsibirin Plantain. Zazzaɓi ya kwantar da shi, matar maigidan kuwa, wadda 'yar manyan yankin ce, ta tsane shi ta hana shi abinci, har yunwa ta sa ya riƙa fita da dare yana tono saiwa yana ci ɗanya. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa bayin da suke cikin sarƙa su ne suka riƙa rage ɗan abin da aka ba su, suna miƙa masa a ɓoye.

Mahaifinsa ya roƙi masu jiragen Libaful su nemo masa ɗansa, wani jirgi mai suna Greyhound ya same shi ya ɗauko shi. A kan hanyar komawa gida, cikin watan Maris na 1748, hadari ya taso musu a tsakiyar teku da dare, igiyar ruwa ta fasa gefen jirgi, ta yi awon gaba da mutum ɗaya. Newton ya shafe awoyi yana kwarfar ruwa, ɗaure da igiya don kada teku ta ɗauke shi. A wannan hali ne mutumin da ya yi suna wajen saɓo da zagin addini ya ji bakinsa ya roƙi jinƙan Ubangiji. Bayan kimanin mako huɗu jirgin ya lallaɓa ya shiga mashigin Lough Swilly a Ailan. Har ya mutu bai daina tuna wannan rana da addu'a kowace shekara ba.

A nan ne masu ba da labari suka saba gajarta shi, su ce da ya tsira sai ya tuba, ya bar cinikin bayi, ya rubuta waƙarsa. Ba haka abin ya tafi ba. A cikin wannan shekara ta 1748 ya sake shiga jirgin bayi a matsayin mataimakin kyaftin. Daga 1750 zuwa 1754 kuma ya yi tafiya uku yana kyaftin, ɗaya a jirgin Duke of Argyle, biyu a jirgin African, yana sayen mutane a gaɓar Saliyo da Laberiya ta yau, yana kai su tsibiran Antigua da St Kitts. Littafin da yake rubuta al'amuran yau da kullum na jirgi yana nan ajiye har yanzu. A ciki idan bawa ya mutu ba a rubuta suna, lamba ake rubutawa. A ciki kuma ya rubuta yadda ya sa aka matse yatsun wasu yara da ƙarfe domin su tona waɗanda suke shirin tawaye. Duk wannan yana faruwa ne alhali kowace Lahadi yana tara matuƙa a bisa jirgi yana yi musu addu'a, da dare kuma yana rubuta wa matarsa Mary wasiƙun ƙauna.

Abin da ya raba shi da teku ma ciwo ne. A 1754, ana sauran 'yan kwanaki ya sake tashi, wani ciwo ya buge shi ya faɗi sumamme, likita ya hana shi tafiya. Ya sami aikin kwastan a Libaful, ya duƙufa koyon harshen Girka da Ibrananci don karatun Littafi Mai Tsarki. Ya nemi a naɗa shi fasto, shugabannin cocin Ingila suka yi ta ƙi, domin bai yi jami'a ba. Sai a 1764, da taimakon wani babban mutum, Lord Dartmouth, aka naɗa shi aka turo shi Olney a kan albashin fam 60 a shekara.

GIDA BIYU DA LAMBU A TSAKANI

Mutanen Olney ba su taɓa ganin fasto irinsa ba. Yakan bi gida gida da tsohuwar rigarsa ta matuƙa, yana magana da su da harshen da suke ji. Ya buɗe taron yara, ya buɗe taron addu'a na tsakiyar mako. Jama'a suka yi yawa har a 1765 aka ƙara bene cikin majami'a, a 1769 kuma aka mayar da taron addu'a wani babban gida na Lord Dartmouth da ke kusa. Wani attajirin Landan, John Thornton, yakan aiko masa da fam 200 duk shekara don ya ciyar da baƙi ya taimaki matalauta.

A 1767 wani baƙo ya tare a garin, William Cowper, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Ingila na zamaninsa. Shi ba fasto ba ne, ɗan fasto ne, ya yi karatun lauya, amma ciwon baƙin ciki mai kai mutum ga yanke ƙauna ya hana shi aiki, har ya taɓa neman halaka kansa. Gidan da ya zauna a bakin dandalin kasuwa shi ne gidan tarihin da muka ambata, wanda aka buɗe tun 1900, yake kuma ɗauke da sunansu su biyu. Mun zaga ɗakunansa, mun ga kayan Cowper, mun ji labarin zomayen daji uku da ya yi kiwo cikin gida domin su ɗebe masa kewa. A ƙarshen lambu akwai wani ɗan ɗaki da bai fi zaman mutum biyu ba, nan yake keɓewa ya yi rubutu.

Bayan wannan lambu akwai wani fili, bayan filin kuma gidan fasto. Don kada Cowper ya riƙa ratsa kasuwa, abin da yake jin nauyinsa ƙwarai, sai suka riƙa biyan mai filin gini ɗaya a shekara domin su riƙa wucewa ta ciki. Gini kuɗin zinariya ne na Ingila, daidai da fam ɗaya da sule ɗaya. An sa masa wannan suna ne saboda da zinariyar gaɓar Gini aka fara buga shi a 1663, wato zinariyar wannan yanki namu.

Mun tsaya daga waje mun dubi tagar ɗakin sama na gidan fasto, inda Newton yake karatu da rubutu. A bangon wannan ɗaki ya sa aka rubuta ayoyi biyu na Littafi Mai Tsarki, ɗaya daga cikinsu ita ce wadda take tuna wa Bani Isra'ila cewa su ma sun yi bauta a Masar kafin a fanshe su. Da kansa yake nufi, da zamansa na tsibirin Plantain.

YADDA AKE ƘERA WAƘAR

A wancan zamani Zabura ce ake rerawa a cocin Ingila. Waɗanda suka buɗe ƙofar sababbin waƙoƙin yabo fastoci ne biyu: Isaac Watts, wanda ya rasu a 1748 ya bar waƙa wajen 750, da Charles Wesley na 'yan Metodis, wanda ya rasu a 1788 ya bar fiye da 6,000. Duk da haka sai a 1820 cocin Ingila ya yarda a hukumance a riƙa rera irin waɗannan waƙoƙi cikin sujada. Shi ya sa yawancin waƙoƙin Olney a taron addu'a aka fara jin su.

Dabarar Newton mai sauƙi ce. Ya lura mai saƙar leshi za ta manta wa'azi kafin ta kai gida, amma ba za ta manta waƙa ba. Saboda haka yakan ɗauki ayar da zai yi wa'azi a kanta, ya mayar da ita baitoci, a koya wa jama'a. Wanda ya san aikin da waƙoƙin wa'azi suka yi a ƙasar Hausa wajen kai karatu ga waɗanda ba su iya karatu ba, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Da yawa cikin baitocin ɗango huɗu ne, na farko gaɓa 8, na biyu 6, na uku 8, na huɗu 6, kuma ɗango na farko yana amsa amo da na uku, na biyu da na huɗu. Amfanin wannan awo shi ne duk muryar da jama'a suka riga suka sani mai irin wannan tsawo za ta hau kan sabuwar waƙa. Kalmomin kuwa gajeru yake zaɓa, irin waɗanda ɗan ƙodago yake amfani da su a gida.

Ya jawo Cowper cikin aikin, da fatan zai sa hankalin abokinsa ya kwanta. A 1779 aka buga littafin da sunan "Olney Hymns", waƙa 348, kimanin 280 na Newton, sauran na Cowper. Baitoci ne zalla, babu murya ko ɗaya a rubuce. Wata daga cikin na Newton, wadda take yabon birnin Sihiyona, ana yawan rera ta da muryar da Haydn ya tsara, wato muryar taken ƙasar Jamus.

"Amazing Grace" kuwa ya shirya ta ne domin wa'azin sabuwar shekara, ran 1 ga watan Janairu, 1773. Littafin da ya rubuta kan wa'azin yana ajiye a ɗakin karatu na fadar Lambeth a Landan. Ya ɗauko maganar ne daga littafin Tarihi na Farko, sura 17, inda Annabi Dawuda ya zauna gaban Ubangiji yana mamakin yadda aka ɗauko shi daga kiwon tumaki aka kai shi inda ya kai. Baiti shida ce. Mutum ɗaya ne yake magana a cikinta, yana duban baya ga yadda aka cece shi ba don ya cancanta ba, yana duban gaba da sa rai.

Wannan wata na Janairu kuwa shi ne watan da ciwon Cowper ya dawo da ƙarfi. Ya sa wa ransa cewa Allah ya yashe shi har abada, daga nan bai sake halartar sujada ba. Newton da matarsa suka ɗauke shi suka riƙe shi a gidansu fiye da shekara guda suna jinyarsa. Wannan ne ya sa waƙoƙinsa suka yi kaɗan cikin littafin. Dubban mutane sun sami sanyin zuciya daga baitocin Cowper, shi kuwa mai su bai samu ba har ya rasu a 1800.

SHIRUN SHEKARA 34

To, ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Cikin baiti shidan nan babu jirgi, babu Afirka, babu bawa. Lokacin da Newton yake lissafa zunubansa a Olney, saɓo da fasiƙanci da rashin bangaskiya yake ambata. Ya ce a lokacin da yake cinikin yana ganinsa sana'a ce ta mutunci wadda doka ta halatta, sai dai aikin ɗaure mutane da sarƙa ba ya yi masa daɗi. Bayin da suka ciyar da shi a Plantain ya tuna su a matsayin alamar jinƙan Allah gare shi, amma ya daɗe kafin ya ga cewa akwai hakkinsu a wuyansa.

A 1780 ya koma Landan, majami'ar St Mary Woolnoth. A can ne a ƙarshen 1785 wani matashin ɗan majalisa, William Wilberforce, ya zo wurinsa a asirce yana tunanin barin siyasa ya kama aikin addini. Newton ya ba shi shawara ya zauna a majalisa ya yi wa Allah aiki a can, Wilberforce kuwa shi ne ya zama jagoran yaƙi da cinikin bayi a majalisar. Sai a 1788, shekara 34 bayan ya bar teku, shekara 15 bayan waƙar, Newton ya buga ɗan littafinsa a kan cinikin bayi na Afirka. A ciki ya amsa laifinsa a fili, ya yarda cewa maganar ta zo a makare, ya bayyana yadda ake jera mutane ƙarƙashin jirgi cikin sarƙa ba wurin juyawa, da yadda ake yi wa mata, ya kuma ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka saya mutuwa suke yi. Aka raba wa 'yan majalisa littafin, shi kuma ya je ya ba da shaida da bakinsa. Shaidar tasa ta yi nauyi, domin gani ya kori ji. Cowper ma a wannan shekara ya rubuta waƙoƙi na sukar cinikin. Dokar hana cinikin bayi ta tabbata ran 25 ga watan Maris, 1807. Newton, wanda idanunsa suka riga suka kusa rufewa, ya rasu ran 21 ga watan Disamba na wannan shekara.

Mu da muke zaune a wannan ƙasa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wanda ya shiga ganuwar Cape Coast ya ga ɗakin sujada a bisa kurkukun da ake tsare maza. A wannan ganuwa ne Philip Quaque, ɗan Afirka na farko da cocin Ingila ya naɗa fasto, a 1765, shekara guda bayan naɗin Newton, ya yi aiki wajen shekara 50, kuma kabarinsa yana farfajiyarta. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kasuwar Salaga da fatakenmu suka riƙa zuwa sayen goro ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba. Cikin mutanen zango akwai jikokin waɗanda suka saya, akwai jikokin waɗanda aka sayar, dukkansu kuma sun zauna cikin zamanin da masu ibada suke ganin abin ba komai ba ne.

WAƘA TA ƘETARE TEKU

A Ingila waƙar ba ta yi wani tashe ba, shekaru da yawa tana kwance. A Amurka ta sami rai, a manyan tarurrukan wa'azi na karkara. An rera ta da muryoyi iri iri, sai a 1835 wani malamin waƙa, William Walker, ya haɗa ta da muryar da ake kira "New Britain", wadda ita ce muka sani yau. Ke nan Newton bai taɓa jin waƙarsa da wannan murya ba. Baitin ƙarshe ma da aka saba rufewa da shi, mai maganar dawwama a Aljanna, ba nasa ba ne, a Amurka aka liƙa shi.

Baƙaƙen fatar Amurka, jikokin waɗanda jirage irin na Newton suka kai can, su ne suka rungume ta fiye da kowa. A majami'unsu mai ja yakan faɗi ɗango, jama'a su amsa suna jan kowace gaɓa a hankali, har waƙar ta zama kamar kuka. Mahalia Jackson ta sa ta a faifai a 1947, Aretha Franklin a 1972. A wannan shekara ta 1972 sojojin Sikotlan masu busa algaitarsu ta salka suka kai ta matsayi na ɗaya a kasuwar faifai ta Ingila. Babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya tara faifanta fiye da 3,000. A watan Yuni na 2015, bayan da wani ɗan wariyar launin fata ya harbe mutum 9 a wata majami'ar baƙaƙe a Charleston, shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, ya tsaya cikin jawabinsa wajen jana'izar faston majami'ar, Clementa Pinckney, ya ɗauki waƙar, jama'a suka miƙe suka amsa.

Akwai kuma wani zare da ya iso ƙasar Hausa. Newton yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mishan ta CMS a 1799. Ita ce ta aiko Dokta Walter Miller, wanda ya zauna Zariya da Wusasa, ya kuma yi babban aiki cikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Ta irin wannan hanya ce tsofaffin waƙoƙin fastocin Ingila suka shiga bakin Hausawa Kirista da harshensu.

A MAƘABARTA

Daga ƙarshe muka gangara majami'a. Cikinta shiru, ga sanyi, ga tagogin gilashi masu launi. Kabarin yana wani lungu na maƙabarta, babban dutse ne mai launin toka. Da farko a Landan aka binne shi kusa da matarsa, wadda ta riga shi rasuwa a 1790, sai a 1893 aka kwaso su aka kawo Olney. Rubutun da ke jikin dutsen shi ya tsara abinsa tun yana da rai, ya kuma hana a ƙara masa yabo. A ciki ya kira kansa tsohon marar bangaskiya, fasiƙi, baran bayi a Afirka, wanda jinƙai ya tsare, aka gafarta masa, aka sa shi wa'azin addinin da ya daɗe yana neman rushewa. Mai karatu zai lura cewa ko a nan zamansa na bara ya ambata, zamansa na kyaftin bai fito ba.

Mutanen Olney na yanzu ba su ɓoye wannan ba. Gidan tarihinsu ya ware wuri domin labarin cinikin bayi da rawar da Newton ya taka a ciki, garin kuma ya ƙulla zumunci da wani gari mai suna Newton a Saliyo. A 2023 sun yi bikin cikar waƙar shekara 250. Wannan shi ne abin da muka ga ya kamata mu kawo gida: sun riƙe mutuminsu, suna alfahari da waƙarsa, kuma suna ba 'ya'yansu labarinsa cikakke, da daɗinsa da ɗacinsa. Da dattawanmu na zango za su zauna da yara su ba su labarin hanyar Salaga haka nan, ba ragi ba ƙari, da an ƙaru.

Ga 'yan'uwanmu da ke zaune Landan, ko waɗanda Allah ya nufa da zuwa, tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. A nemi sanin ranakun da gidan tarihi yake buɗewa kafin a tashi, a kuma riƙe rigar sanyi, domin iskar bakin kogin Ouse ba ta da wasa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.